Tausar Fitar da Ruwan Kumburi: Wa Take Yi wa Amfani, Wa Kuma Za Ta Iya Cutarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 46, ina zaune a Gwammaja. Wata goma ke nan da aka yi mini aikin sankarar mama a ɓangaren dama, aka cire har da kaluluwar hammata. Kwanan nan hannun yana yi mini nauyi, awarwarona ya fara kama ni, da yamma bayan hannun ya ɗan tasa, da safe kuma ya saɓe. Na ga ana tallar wata tausa a Instagram, wai tana fitar da ruwa da dattin jiki har ta rage tumbi. Shin ta dace da ni? Mahaifiyata ma ƙafafunta biyu suna kumbura, ko in ɗauke ta mu je tare?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Abin da kika bayyana a hannunki ya yi kama da irin kumburin da ake yin wannan tausa dominsa, kuma kin yi tambaya a kan lokaci. Amma Mama kam a dakata, kada kowa ya tausa mata ƙafa sai likita ya gano dalilin kumburin.

Bayan jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki da ke kwashe ruwan da ya tsatso daga jini zuwa cikin nama, tare da furotin da ƙwayoyin cuta. Wannan ruwa shi ake kira limf. Yana bi ta kaluluwa, waɗanda suka kai ɗaruruwa a jikin mutum, da yawansu a wuya da hammata da matsematsi, a tace shi, sannan ya koma cikin jini a gindin wuya, daidai ƙashin da ke saman ƙirji. Ba shi da famfo irin na zuciya. Motsin tsoka da numfashi da ɗan matsewar hanyoyin su kansu ne ke tura shi. To idan aka cire kaluluwar hammata, ko aka gasa wurin da na'ura, sai lamarin ya zama kamar kwalbatin unguwa da ya toshe a damina: ruwa na ta zuwa, mafita ta yi kaɗan. Kimanin mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa irin aikinki takan gamu da wannan, mafi yawa cikin shekara biyu ta farko, ko da yake yana iya ɓullowa bayan shekaru.

Alamar farko ba kumburin da ido ke gani ba ce. Nauyi ne, da jin fata ta ɗaure, da zobe ko awarwaro ko hannun riga da ya fara matsewa a gefe ɗaya kawai. Ki kifa hannayenki biyu a kan tabarma ki duba bayansu. A hannun lafiya za ki ga jijiyoyi da ramukan da ke tsakanin ƙasusuwan yatsu. A wanda ruwa ya fara taruwa duk sun shafe. Ki danna babban yatsa a damtse ko bayan hannu na daƙiƙa goma. In wurin ya lotsa ya jima bai ciko ba, ruwa ne. Sai ki gwada tsunkular fatar gindin yatsan tsakiya ki ɗaga ta. Idan ta ƙi tsunkuluwa saboda kauri, wannan babbar shaida ce ta toshewar limf. A ƙafa kuma gindin yatsa na biyu ake gwadawa. Amma tsunkuluwarta ba ta nuna babu ciwon, domin a farkon lamari fata ba ta riga ta yi kauri ba.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne tef ɗin tela. Ki auna kewayen hannayen biyu a wurare huɗu: tafin hannu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Ki riƙa yi sau ɗaya a mako, da safe, ki rubuta. Bambancin da ya kai santimita 2 a wuri ɗaya ya isa a kai wa likita. Ki tuna hannun da ake aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri tun asali, shi ya sa ƙaruwar awo daga mako zuwa mako ta fi awo guda ɗaya faɗar gaskiya.

Saɓewar da yake yi da safe albishir ne. Yana nufin har yanzu ruwa ne zalla. In aka bar shi, furotin ɗin da ke kwance a wurin yakan sa nama ya yi tauri, kitse ya taru, ya daina lotsawa, ɗaga hannu kuma ya daina saɓar da shi. A wannan mataki ana iya rage shi, amma da wuya ya koma yadda yake. Don haka kada ki jira ya girma.

Sai dai kafin tausa, ki koma wurin likitan da ya yi miki aiki. Sabon kumburi bayan sankara yana iya zama na limf, yana iya zama gudan jini a jijiya, yana kuma iya zama ciwon ne ya dawo ya danne hanya. Shi zai tantance, in ya ga dama da hoton sikanin, sannan ya tura ki sashen fisiyo, wanda ake cewa gashin ƙashi. Akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Ki tambaya kai tsaye ko akwai wanda ya samu horo a kan kumburin limf, domin ba kowane ma'aikacin fisiyo ne ya ƙware a kansa ba.

Ita tausar, wani mutumin Denmak mai suna Emil Vodder da matarsa Estrid ne suka tsara ta, suka gabatar da ita a birnin Faris a 1936. Ba ta yi kama da tausar gajiya da muka saba ba ko kaɗan. Hanyoyin limf na farko suna dab da fata, don haka tafin hannu ake ɗorawa a ja fatar a hankali a sake ta, sau biyar zuwa bakwai a wuri ɗaya, ba murza tsoka, ba man zafi. Kuma ba daga yatsu ake farawa ba. Ana fara buɗe gindin wuya, a yi numfashi mai zurfi na ciki, a motsa kaluluwar hammatar hagu da ta matsematsin dama, wato waɗanda ke da lafiya, a share hanya ta ƙirji da gefen jiki zuwa gare su. Bayan nan ne za a zo kafaɗa, damtse, gwiwar hannu, a ƙare da yatsu, kullum ana kora ruwan zuwa sama. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa guda. Idan kika ji zafi, ko fata ta yi ja, ko mai tausar ta fara daga yatsu tana matsa ruwa zuwa hammatar da aka yi wa aiki, to ba wannan tausar ake yi miki ba. Ki tashi.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa: tausa ita kaɗai ba ta riƙe sakamako. In aka gama aka bar hannu haka, ruwan kan dawo cikin sa'o'i. Babban aikin na bandeji ne. Ana naɗa bandeji marar talewa sosai, hawa-hawa a kan auduga, daga yatsu zuwa hammata, matsinsa ya fi ƙarfi a ƙasa yana raguwa zuwa sama, a kwana da shi a wuni da shi, ana motsa hannun a ciki. Wannan zango yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Daga nan sai safar hannu ta matsi wadda aka auna daidai ke, a sa da rana, a sauya ta kusan duk wata shida saboda takan saki. Bandejin kemis mai talewa, in aka ɗaure shi tam a tsakiyar hannu, yatsu yake kumburawa. A zafin Kano na watan Afrilu da Mayu safar tana da takura, kuma a lokacin ne kumburin ya fi tashi, don haka ki samu guda biyu, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya.

Kula da fata ma rabin magani ne, saboda hannun da limf ya kwanta a ciki ba ya iya yaƙar ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Ki riƙa shafa man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu. Ki kiyaye ƙunar girki, yankan wuƙa da cizon sauro. Kada a yi miki ƙaho, tsaga ko sakiya a wannan hannu, kada a gasa shi da ruwan zafi, kuma in da hali a riƙa ɗibar jini da awon hawan jini a ɗayan. Maganin sa fitsari irin su Lasix ba ya warkar da wannan kumburi. Ruwa yake janyewa ya bar furotin a wurin. Ranar da kika ga hannun ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi da rawar ɗari, a dakatar da tausa da bandeji, a tafi asibiti a ranar, domin wannan sai maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Yanzu batun Mama. Kumburin ƙafa biyu a jikin dattijuwa ya fi yawan fitowa daga zuciya, ƙoda, hanta, raunin jijiyoyin jini na ƙafa, ko magani. Amlodipine, wanda masu hawan jini da yawa ke sha, sananne ne wajen kumbura idon sawu. Ki lura: tana haki in ta yi 'yar tafiya? Sai ta tara matasai take iya barci? Fuskarta na kumbura da safe? Fitsarinta na kumfa? In zuciya ce ta gaza, tausar za ta kora ƙarin ruwa zuwa ga zuciyar da ta riga ta gaji, numfashi ya ƙara tsananta. A kai ta a auna jini, a gwada fitsari da aikin ƙoda, a duba zuciya, a tafi da duk magungunanta a leda. Haka nan ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya da ciwo a sha-raɓa, musamman bayan haihuwa, tiyata ko doguwar tafiya, ba a taɓa ta, don gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Mai juna biyu da fuska da hannu suka kumbura, ga ciwon kai, awon jini take buƙata nan take.

Akwai wasu da wannan tausa ke taimaka wa: wanda aka cire wa kaluluwar matsematsi saboda sankarar mahaifa ko ta mafitsara, wanda aka haifa da ƙarancin hanyoyin limf, da mai kumburin da ya ƙi sauka bayan tiyata ko karaya, in likitansa ya amince. Mai tundurmi, wanda tsutsar da sauro ke yaɗawa ke jawowa, shi ma limf ɗinsa ne ya lalace, amma abin da ya fi yi masa amfani shi ne wanke ƙafar da sabulu safe da yamma, tsane tsakanin yatsu, maganin cin ruwa da faso, ɗaga ƙafa da sa takalmi.

Maganar rage tumbi da fitar da datti kuwa, babu hujjar da ta tabbatar da ita. Tausa ba ta narkar da kitse, kuma tace dattin jini aikin hanta da ƙoda ne. Mai lafiya zai iya jin sakayau na wuni ɗaya, shi ke nan. Kuɗin da za ki kashe a can, Hajiya, ki tanade shi don bandeji da safar matsi, ki kuma nemi ma'aikaciyar fisiyo ta koya miki tausar da za ki riƙa yi wa kanki a gida, minti 15 zuwa 20 kullum. Ranar zuwa asibiti ki riƙe takardar awon hannunki da takardar sallamar da aka ba ki bayan aiki, don a ga ko kaluluwa nawa aka cire da kuma ko an gasa miki hammata da na'ura.