Ƙibar Ɗana Lafiya Ce Ko Ciwo?

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 9, ya fi sa'o'insa jiki nesa ba kusa ba. Kakarsa ta ce jin daɗi ne, ƙiba kuma ciwon Turawa ce. In kwantar da hankalina? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, a gaida Kaka da kyau, amma ban yarda da ita ba. Gaskiya ne abin ya yi ƙamari a Amurka, inda kusan manya 4 cikin 10 da yara 1 cikin 5 ke da ƙiba mai yawa. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ita. A nan Najeriya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Abin da ke ci mini rai shi ne, a unguwa ɗaya za ki ga tamowa da teɓa.

Wajen auna ƙiba, babba ana raba nauyinsa a kilo da tsayinsa a mita, sannan a sake raba abin da ya fito da tsayin nasa. In sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, in ya kai 30 ƙiba ce. Yaro kuwa sai an duba shekarunsa, don haka ki kai shi asibiti a auna.

Kada ki hana shi tuwo, kada a tsokane shi. Lemon kwalba da biskit ɗin tara za ki fara janyewa, ki bar shi ya yi ƙwallo awa ɗaya kullum.