Kimiyya, Fasaha da "Gani Ya Kori Ji"

Tambaya: Malam, kalmar "kimiyya" ta Hausa ce asali? (Wani ɗalibi daga Kongo)

Amsa: Aro ce daga Larabci, kuma a can ilimin haɗa sinadarai take nufi, har da tsohon ƙoƙarin mayar da ƙarfe zinariya. Mu ne muka faɗaɗa ta har ta ɗauki duk wani sani da aka samo ta hanyar lura, awo da gwaji.

Tambaya: Ita da "fasaha" abu ɗaya ne? (Wata malama daga Tudun Wada)

Amsa: A'a, ranki ya daɗe. Kimiyya tana neman dalilin abu, fasaha tana ƙera abin amfani. 'Yan jarida ne suka mayar da su Hassana da Husaina.

Tambaya: An ce mana "gani ya kori ji" shi ne kimiyyar Bahaushe. Haka ne? (Mai karatu daga Sabon Gari)

Amsa: Rabin gaskiya ke nan, ɗana. Karin maganar ta ɗora shaidar ido bisa "an ce", kuma daga nan kimiyya ke farawa. Sai dai shi ma ido yana ruɗi. Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da tsakar rana a bazara ya sha ganin ruwa kwance a kan kwalta, ya isa wurin bai tarar da komai ba. Kawalwalniya ce: iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwasa hasken da ke zuwa ido. Ibnul Haisam, wani masani haifaffen Basra ta Iraƙi wajen shekarar 965, da gwaji ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke jefa haske ba, alhali manyan masana sun daɗe a kan akasin haka. Ka ga ashe shi kansa ganin sai an tuhume shi.

Je Samaru ta Zariya ka duba yadda masu binciken aikin gona ke yi. Irin masara guda, a shuka shi a fili biyu kusa da juna, a zuba wa ɗaya taki a hana ɗaya, a auna amfanin, a sake a wata daminar. In sakamako ya saɓa, su janye maganarsu. Wannan ya sa raina ke ɓaci in na ji mai tallar magani da lasifika a tashar mota yana cewa "kimiyya ta tabbatar". Wa ya gwada? A kan mutum nawa? Wa ya maimaita ya sami daidai? Mutane na saye suna sha saboda nauyin kalmar da aka ɗauko ba da haƙƙinta ba.

Tambaya: "Gwaji" ko "jarrabawa", wanne ya dace da ɗakin bincike?

Amsa: Gwaji. Jarrabawa a bar wa 'yan makaranta.