Wuƙar Kakana Ta Yi Tsatsa: Ta Ina Zan Fara Tara Wuƙaƙen Aljihu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga Kumo nake, a jihar Gombe. Bayan rasuwar kakanmu, da aka buɗe adakarsa, sai na tarar da wata tsohuwar wuƙa mai naɗewa. Mariƙinta na katako ne da adon wata da taurari, akwai zobe a bayanta, a jikin ruwanta kuma hoton wata dabba da rubutun "Germany". Ta yi tsatsa sosai. Tun daga ranar sha'awar irin waɗannan wuƙaƙe ta kama ni, har na sayi wasu uku a kasuwa, abokaina na ta yi mini dariya. Shin in kai ta a gurza mini ta koma sabuwa? Kuma ta ina ake fara tara su, yaya ake bambance ta gaske da jabu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinsa.

Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka kai wuƙar nan wurin mai injin gurza. Da wannan na fara don kada ka riga ni. Injin yana cin ƙarfe da sauri, yana share tambarin da ke jikin ruwan wuƙa, kuma zafinsa kan ƙona bakin har ya yi shuɗi, daga nan kaifi ba ya sake zama. Ni da kaina na taɓa yin wannan ɓarnar ina saurayi. Na miƙa wa wani mai wasa wuƙa wata tsohuwa 'yar Ingila a bakin kasuwa, kafin in gama gaisawa da mutane ya miƙo mini ita tana ƙyalli, babu suna babu gari, ta rame kamar tsinken tsire. Shi a ganinsa ya yi mini aiki mai kyau, har da neman ƙari.

Yadda ka siffanta ta, Okapi ce ke hannunka. A garin Solingen na Jamus aka fara ƙera ta a 1902, musamman don kasuwannin Afirka. Dabbar da ka gani ita ce okapi ɗin, 'yar'uwar raƙumin dawa ce da ke rayuwa a dazuzzukan Kongo, kuma a 1901 ne Turawa suka san da ita, wato sunan yana tashe lokacin da aka laƙaba wa wuƙar. A 1988 aka sayar da sunan da injinan, aiki ya koma Afirka ta Kudu. Saboda haka in dai ta gaske ce kuma tana ɗauke da "Germany", to ta girmi shekarar 1988. Zoben nan na baya shi ne makullinta: in ruwan ya buɗe sai ya kulle, ba ya rufuwa sai ka ja zoben sama. Ba wuƙa ce mai tsada ba tun asali. Ta talaka ce, ta fatake da mahauta da makiyaya, shi ya sa samun wadda ta tsufa ba ta ƙare ba yake da daɗi, don yawancinsu an wasa su har sun zama allura.

Ga yadda za ka yi da ita. Ɗiga mata man keken ɗinki a gaɓar da take naɗewa da kuma jikin ruwan, ka bar ta ta kwana. Washegari ka goge da tsumma. Inda jar tsatsa ta ƙi fita, ka kankare a hankali da gefen tsohon kwabo na jan ƙarfe, domin ya fi ƙarfen wuƙar laushi, ba zai karce shi ba. Ka lura, tsatsa iri biyu ce a idon mai tara wuƙa. Ja mai garin nan ita ce cuta, tana huda ƙarfe. Amma baƙi-baƙin da ya kwanta sumul, wanda lemo da albasa da nama suka bari cikin shekaru, wannan riga ce, yana ma ɗan kare ƙarfen. Ka bar shi. Tsohuwar wuƙa da aka goge ta yi fes kamar dattijo ne da ya rine gemu, kowa ya gani ya gane.

Kada ka shafa mata man gyaɗa ko manja don ajiya, suna daskarewa su yi danƙo a gaɓa. Kada kuma ka adana ta cikin kuben fata. Fata tana riƙe laima, kuma bagaruwar da majema ke jeme ta da ita ba ta shiri da baƙin ƙarfe, baƙanta shi take yi. Yanayinmu ma sai an yi hattara da shi: watan Agusta tsatsa, lokacin hunturu kuma katako da ƙaho su bushe su tsage. Akwatin katako ko tsumma mai ɗan maiƙo, nesa da randa da rana, ya wadatar.

Batun ta ina ake farawa, shawarata ita ce kada ka fara da odar wuƙaƙe daga waje ta intanet. Ka fara da waɗanda suka rayu a ƙasar nan da maƙwabtanta. Bayan Okapi, nemi Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ya fara yi a garin Thiers na Faransa a 1929. Mariƙinta falle ɗaya ne na ƙarfe da aka ninke, shafal take a aljihu. Don tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik aka yi ta, hoton da ke jikinta ma na wani dodon can ne, amma can ba ta karɓu ba, sai ta sami kasuwa a Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Akwai nau'inta da ake kira El Baraka, wanda aka cire dodon aka sa tambarin Agadas na Buzaye. In kana da mutane masu zirga-zirga Nijar ko Chadi ko Kamaru, ka ba su sallahu.

Sai Opinel, ita ma 'yar Faransa, daga yankin Savoie. Joseph Opinel ya fara ta a 1890, a 1897 ya jera ta lamba-lamba daga 1 zuwa 12 gwargwadon girma, lamba 8 ce aka fi sani. Tambarinta hannu ne da kambi a samansa. Zoben da ake murɗawa a wuyanta don kulle ruwa sai a 1955 aka ƙara shi. Da damina katakonta kan kumbura ruwan ya ƙi fitowa, ba lalacewa ta yi ba, ƙwanƙwasa gindin mariƙin a kan tebur sai bakin ya leƙo. Jar wuƙar sojan Suwizalan kuwa kowa ya san ta. Karl Elsener ya kafa sana'ar a Ibach a 1884, sunan kamfanin kuma, Victorinox, haɗi ne na sunan mahaifiyarsa Victoria da "inox", wato ƙarfen da ba ya tsatsa. Ana yawan kwaikwayonta a kasuwanninmu.

Gane ta gaske da jabu karatu ne, kuma allon karatun shi ne gindin ruwan wuƙa, kusa da gaɓa, inda maƙerin ke buga sunansa da garinsa. A tsofaffi na gaske bugawa ake yi, ka sa farce ka ji zurfin. Na jabu sau da yawa zane ne a sama-sama, ko haruffa a karkace, ko kuskuren rubutu. Wasu kalmomi suna faɗa maka zamani. "W. Germany" na nufin tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus take rabe biyu. "Stainless" ko "Rostfrei" ko "Inox" na nufin ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a garin Sheffield na Ingila a 1913, don haka duk wanda ya ce maka irin wannan wuƙar tun zamanin Shehu take, ka yi masa murmushi kawai. Kamfanin Case na Amurka ma ya sauƙaƙa wa mutane: a 1970 ya sa ɗigo 10 ƙarƙashin sunansa, kowace shekara yana cire ɗaya. Amma ka yi hankali da Laguiole, mai ƙudan zuma a baya. Sunan ƙauye ne a Faransa, ba na kamfani ɗaya ba, shi ya sa masu yawa da ke yawo da sunan daga Sin ko Pakistan suke. In babu sunan maƙeri, kada ka biya kuɗin 'yar Faransa.

Bayan ido, sai hannu da kunne. Buɗe ta ka girgiza ruwan hagu da dama, ta kirki ba ta rawa. Rufe ta ka saurara, sifirin ɗin baya, wato ƙarfen da ke danne ruwan, in yana da lafiya yana ba da "ƙas" mai tsafta, ruwan kuma ya zauna tsakiya ba ya gugar gefe. Wuƙaƙen nan uku da ka saya, yi musu wannan gwajin. Ko jabu suka fito kada ka zubar, da su za ka koyi wasawa a kan dutse kafin ka taɓa ta kaka.

Kada kuma son na waje ya sa ka raina na gida. Maƙeranmu sun fi yin wuƙa mai kube a kan mai naɗewa, da yawa daga tsohon sifirin mota suke ƙera ta, baduku ya yi mata riga. Askar wanzami, wuƙar mahauci, wuƙar damtse ta Buzaye, duk sun cancanci wuri a akwatinka. Waɗannan ba su da tambari, tarihinsu a bakin mutane yake. Don haka ka sami littafi, kowace wuƙa ka rubuta inda ka same ta, hannun wa ta fito, wace maƙera. Ka zaga rumfunan 'yan gwangwan da masu tsofaffin kaya a Babbar Kasuwar Gombe, in ka shiga Bauchi ka leƙa Wunti da Muda Lawal, sannan kasuwannin ƙauye ranar da suke ci. Kada ka nuna zumuɗi, farashi kan tashi da ganin idon mai saye. Kuma kada ka shiga da niyyar riba, kuɗin da za ka mayar bai taka kara ya karya ba.

Abu na ƙarshe mai nauyi ne. Ka san abin da 'yan Kalare suka jawo a Gombe da 'yan Sara-Suka a Bauchi. Matashi da wuƙa a aljihu, jami'in tsaro ba zai tsaya jin tarihin Solingen ba. Ka bar su a gida cikin akwati mai makulli inda yara ba sa kaiwa. Kada ka je da ko ɗaya wurin biki, ko taron siyasa, ko hawan sallah. In ka sayo, naɗe ta cikin takarda ka sa a ƙasan jaka, a jirgin sama kuma ba a shiga da ita a jakar hannu.

Ita kuwa ta kaka, shafi na farko nata ne. Tun tsofaffin gidanku suna da rai, je ka tambaye su inda ya samo ta, ko fatauci ya je, ko kyauta aka ba shi, da abin da yake yankawa da ita, ka rubuta yadda suka faɗa.