Tambayi Likita: masu kwanan daji da hawan dutse, ga amsoshinku

Assalamu alaikum jama'a. Tunda sanyi ya shigo tambayoyin da ake turo min kusan duk na samarin da ke haɗa tafiyar ƙarshen mako ne, wasu Jos wasu Mambila, shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Likita barka da aiki, mu shida ne za mu dutsen Shere ranar juma'a mu kwana biyu a tanti, an ce sanyin wurin ba wasa shi ne muka ce mu tafi da kurfoti mu riƙa hura gawayi a ciki da dare. Akwai matsala?

Amsa: Ƙanena don girman Allah kar ku yi. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da wata guba ana ce mata kabon monoksaid, irin wadda ke cikin hayaƙin janareto, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya kasa kai iska ƙwaƙwalwa. Farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, wanda kuwa yake barci ba zai ji ko ɗaya ba, daga barcin sai a wuce. Ban manta wani dare na hunturu da ina kan aiki ba, aka shigo da masu gadi biyu an kwaso su daga ɗan ɗakinsu, sun toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda sanyi, wanda ya kawo su ya ce ya tarar da kaskon ko toka bai gama yi ba. Ɗaya muka samu ya farfaɗo. Ku hura wutarku a waje nesa da tanti, ku sha ɗumi ku kashe ta ku shiga. Sanyin da ke damun mai kwanan daji yawanci daga ƙasa yake shigowa, ku shimfiɗa tabarma da bargo mai kauri tukun, a sa hular sanyi da safa, rigar da ta sha gumi da rana a cire ta kafin a kwanta.

Tambaya: Salam likita, ni wallahi maciji ne kawai tsorona, yayana ya ce in ya sari mutum a ɗaure wurin tamau a tsaga da reza a tsotse dafin, haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Duka ukun kuskure ne kuma mu a asibiti su ke ƙara mana aiki. A ƙasashen duwatsu irin na Filato da Gombe da Taraba wadda ta fi sarar mutane ita ce kububuwa, ƴar ƙarama ce kalar ƙasa, dafinta hana jini daskarewa yake, kin ga in aka tsaga wurin an buɗe wa jini hanya ke nan, ɗauri mai tsanani kuma yana iya kashe ƙafar har ta kai ga yankewa. Abin yi shi ne a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo ko takalmi kafin kumburi, a sa wa ƙafar sanda a naɗe sako-sako don kar ta riƙa motsi, a ɗauke shi kar a bar shi ya taka in da hali, a nufi asibiti kai tsaye. Kar a tsaya neman macijin, kar a tsaya shan jiƙo, kar a ba shi asfirin. Wani zai ce ai ya ji sauƙi a fasa tafiya, alhali na kububuwa sai bayan awanni jini zai fara fita ta dasashi ko a fitsari. Allurar kashe dafi ce maganin kuma ba kowane asibiti ke da ita ba, akwai asibitin saran maciji a Kaltungo jihar Gombe da kuma na Zamko wajen Langtang, kafin ku tashi ku tambayi mutanen garin wanne ya fi kusa da ku. Takalmi rufaffe, tocila da dare, a kakkaɓe takalmi da safe, kar a tura hannu cikin kogon dutse.

Tambaya: Likita ina da sikila, SS, abokaina za su hau Chappal Waddi a Gashaka, zan iya binsu?

Amsa: Ɗan'uwa na san ba daɗin ji amma ni ban ba ka shawarar zuwa ba. Chappal Waddi shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, ga mai lafiya wannan bai cika kawo ciwon tsayi ba, wato rashin lafiyar da ƙarancin iska ke jawowa in an hau sama sosai, tunda shi yawanci daga mita 2,500 yake farawa, irin su Kilimanjaro mai mita 5,895 ne ake fama da shi sosai. Amma kai lissafinka daban, ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa da wahalar jiki kowanne kaɗai yana tayar da ciwon sikila, a can kuwa duk huɗun za su haɗu maka kuma asibiti ya yi nisa. Ka je wurin likitanka ku zauna ya duba ka, wataƙila tafiya marar hawa sosai kusa da gari ta yiwu.

Tambaya: Mun dawo jiya, mun sha ruwan wani rafi fari tas kuma mun yi wanka a ciki, yanzu gudawa nake ta yi.

Amsa: Sannu, Allah ya sawwaƙe. Hasken ruwa ba shi ne tsabtarsa ba, shanu da mutane suna amfani da shi daga sama, nan gaba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Yanzu ka sayi ORS, wato garin gishiri da suga na masu gudawa, a kemis, in babu ka samu ruwa mai tsabta lita ɗaya ka zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri ka riƙa kurɓa. In ka ga jini a bayan gida ko zazzaɓi ko amai ya hana ka sha ko fitsari ya ɗauke, asibiti yau ba gobe ba. Sannan ka sa ido, zazzaɓi bayan mako ɗaya ko biyu a gwada maleriya, jini a ƙarshen fitsari ko da bayan watanni ne ka faɗa wa likita ka yi wanka a rafi, yana iya zama tsargiya kuma tana da magani.

Tambaya: Cinyoyina ciwo kamar an min duka kwana biyu da saukowa, wani ya ce in sha tiramol.

Amsa: Kar ka sha. Gangarowa ce ke jawo shi, yana tsananta rana ta biyu zuwa ta uku ya lafa cikin mako, farasitamol da ɗan tattaki da shan ruwa sun isa. Amma in fitsarinka ya koma kalar shayi ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ka zo a duba ka a ranar.