Goshin jirgi na noma ruwa: a sauya farfela ne?

"Maigida, jirgin faiban nan da aka kawo daga Lokoja, mai injin Yamaha doki 40, wanda ke zagayawa da mutane a tafkin Rayfield na Jos, goshinsa noma ruwa yake yi. Ko an ba shi wuta duka ba ya ɗagawa, ruwa sai fallatsa wa na gaba yake. Mai jirgin ya ce in cire farfela mai lamba 13 in sa mai 15. In sa?"

Kada ka sa, yarona. Mai jirgi ya ji babbar lamba ya ɗauka ƙarfi ne, alhali nauyi za ka ƙara wa injin.

Duba jikin farfelar, za ka ga an rubuta 11 1/8 x 13. Lambar farko faɗinta ne. Ta biyu takunta: nisan da za ta ci, inci 13, a juyi ɗaya, da a ce ruwa ba ya zamewa. Masu sayarwa "fich" suke ce masa. Taku kamar giyar mota yake, babban taku babbar giya. Duk inci ɗaya da ka ƙara, injin zai rasa juyi 150 zuwa 200 a minti. Wannan injin kuwa an yi shi ne ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 in an buɗe totur duka.

Ga kuma abin da mai jirgin ya manta: farfelar nan a Lokoja, bakin kogin Neja, aka zaɓe ta. Jos tana bisa dutse, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da kauri. Inji mai kafireta yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Yi lissafi: dokinka 40 a nan bai wuce 35 ba. In a ce da 13 ɗin yana yin 4,600, da 15 zai faɗo wajen 4,250. Sai ya dinga nishi, fulogi ya yi baƙi, fistin ya ɗau zafi, jirgin ma ya kasa hawa kan ruwa. Saboda haka kafin komai, nemo ɗan agogon juyi, irin wanda ake naɗa wayarsa a wayar fulogi. In ba shi a hannu, kirdado kawai kake yi.

Ɗagawar goshi iri biyu ce, kada ka haɗa su. Akwai ta lokacin tashi, inda baya ke nutsewa, goshi ya tsaya ƙiƙam direba ba ya ganin gabansa. Wannan ba alheri ba ce, so ake ta wuce cikin 'yan daƙiƙu. Wadda muke nema ita ce ta bayan jirgi ya hau kan ruwa ya miƙe: goshi ya ɗan ɗaga, ruwa ya daina taɓa gaba, feshin ya koma fitowa daga tsakiyar jirgi zuwa baya. Jikin da ke gogar ruwa ya ragu, gudu ya ƙaru, mai ya yi auki.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Mutum uku manya a bencin gaba sun haura kilo 200, babu farfelar da doki 35 zai juya ta ɗaga wannan. Masu nauyi su zauna tsakiya, tankin mai da anka su bar goshi. Amma kada ka tara kowa a baya, ruwa na iya shigowa ta kan allon da injin ke rataye in an saki totur farat ɗaya. Buɗe toshiyar baya ka ga ko ruwa ya kwanta tsakanin daɓe da ƙasan jirgin. In an liƙa wa injin faffaɗan fiffiken nan na roba a kan farantin da ke saman farfela, cire shi: aikinsa ɗaga baya da danne goshi, kishiyar abin da kake so ke nan.

Sannan a fito da jirgin tudu. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi a ƙasansa, daga gefen baya zuwa gaba. In ka hango haske a tsakani, ƙasan ya lotsa. Yawan ajiye jirgi a kan taya ko gungume ɗaya, da nauyin inji a rataye a baya, shi ke kawo haka. Lotsawar 'yan milimita kaɗan ta isa ta riƙa tura baya sama, goshi ƙasa, kuma gudu na ƙaruwa tana ƙara dannawa. Sai mai faiba ya cike ya goge.

Yanzu sakata, ƙarfen nan da ƙafar inji ke jingina a kai, mai ramuka huɗu ko biyar. In tana ramin da ya fi kusa da jirgi, farfela na tura baya sama, goshi ya nutse, sitiyari ya yi nauyi, jirgi ya riƙa fizga gefe. Matsar da ita waje rami ɗaya, ka gwada, ka sake. Za ka ji juyi na ƙaruwa, hannu na sauƙi. Inda jirgi ya fara gyaɗa kai kamar jangwada, ko farfela ta shaƙi iska a kwana inji ya yi ihu babu tafiya, ka wuce wuri, dawo rami ɗaya. Rabin jiragen da ake cewa farfelarsu ce matsala, a ganina, a wannan sakatar maganinsu yake. In ramuka sun ƙare goshi bai tashi ba, allon bayan ne ya cika kwanciya. Akwai weji na digiri 5 da ake sawa tsakaninsa da inji, kaurin ya kasance a ƙasa.

Tsayin inji kuma, farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba. Injin mai doguwar ƙafa, inci 20, a kan allo mai inci 15, jan ruwa kawai zai yi. In za ka ɗaga, yi kaɗan-kaɗan, kamar milimita 20 a lokaci guda, idonka a kan fitsarin inji, wato siririn ruwan sanyaya inji da yake tsartowa. Ya rage ƙarfi, ka sauke nan take, don famfon ruwa ya fara shan iska.

To, sai yanzu muka zo kan farfela. Abin da ke ɗaga goshi a jikinta ba taku ba ne, kishingiɗar kunnuwanta ce, wadda ake kira "rek". Kwantar da farfela ka dube ta ta gefe: wasu kunnuwan sun tsaya cak a kan cibiya, wasu sun kishingiɗa baya. Na yau da kullum ba su cika wuce digiri 15 ba, na gudu kan kai 20 har 30. Kunnen da ya kishingiɗa yana tattara ruwa ya hana shi watsewa gefe, sai ya riƙe ruwa gam ko da ka tura sakata waje ko ka ɗaga inji. Riƙon nan shi ke ba ƙafar inji ƙarfin danna baya, goshi ya tashi.

Na biyu leɓe, wato 'yar lanƙwasar da ke bakin kunne ta baya, "kof" a bakin 'yan kasuwa. Shafa da yatsa za ka ji ta. Wurin da take shi ne magana. In ta bi gefen baya ne kawai, taku ta ƙara. In ta zagayo har kan tsinin kunne, kishingiɗa ta ƙara, ita ce mai ɗaga goshi. Leɓe na cin juyi wajen 200, don haka mai leɓe ka ɗauki wadda ta gaza taka da inci ɗaya. Kada ka yarda wani ya ce zai buga maka leɓe da guduma a kan ta alminiyum. Kunnuwan ba za su zo ɗaya ba, rawar da za ta biyo baya kuwa sil da boris za ta ci.

Mai kunne huɗu ba ta wannan ciwon ba ce, yawancinsu baya suke ɗagawa. Tsaya a uku. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi riƙe siffarta, kunnuwanta sirara ne, amma tana da tsada, kuma tafkunan nan namu tsofaffin ramukan haƙar kuza ne, ba ka san inda dutse ya ɓuya ba. Ta alminiyum in ta bugi dutse ita ke karyewa. Ta ƙarfe kan miƙa bugun ga giya da sandar da ke juya farfela. Ga jirgin haya mai doki 40, ni ta alminiyum mai leɓe zan zaɓa, taku 12, ko 11 in kullum cike yake. Wadda ta kai injin 5,200 zuwa 5,400 da kayan da ya saba ɗauka, ita ce taka.

Wajen ɗaurawa, sa giya a furi, zare wayoyin fulogi, ka tokare kunne da katako, ba da hannu ba. Cire washar da ke bayan farfela ka duba ko zaren kamun kifi ya naɗe, shi ke yanka sil ruwa ya shiga man giya. Shafa giris a haƙoran sanda. Mayar da washar nan kafin farfela, in ka manta ta farfela za ta ci gidan giya. Ɗaure noti yadda littafin injin ya ce, ka sa sabon fin mai baki biyu. Juya da hannu ka tabbata kunnen bai taɓa ɗan ƙarfen da ke rataye ƙarƙashin faranti ba, don mai kishingiɗa sosai takan buge shi, sai an sa gajere. Ja layin fenti daga noti zuwa jikin farfela: in bayan gwaji layin ya rabu, robar da ke cikin cibiyar farfela ce ke zamewa.

Gwajin da safe za ka yi, kafin iska ta taso, da rigar ruwa a jikin kowa, igiyar kashe inji a wuyan hannunka. Buhunan yashi su tsaya a madadin fasinja. Abu ɗaya za ka sauya a kowane zagaye, ka je ka dawo, ka rubuta juyi da gudun da waya ta nuna. In rana ta yi iska ta tayar da ruwa, ka gaya wa direban ya dawo da sakata rami ɗaya ciki, don a ruwa mai tsalle goshin da ya ɗaga da yawa dukan ruwa yake yi, na gaba su sha a ƙugu.