Anti, burina na sabuwar shekara ko Fabrairu baya kaiwa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a Zariya, ina da yara uku kuma ina ɗan ɗinki a gida. Duk shigowar sabuwar shekara sai in sayi littafi in rubuta abubuwan da zanyi, bana na rubuta zan sauke Alƙur'ani, zan tara kuɗin sabon keke, zan daina shan lemon kwalba, zan rage danna waya da dare, sannan in dinga tashi ƙarfe huɗu. Da ƙarfina na fara amma kafin wata ya ƙare komai ya watse, yanzu ko littafin ban san inda yara suka jefa shi ba. Anya ba ragwanta ce ke damuna ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Mace mai yara uku da keken ɗinki da tukunya a wuta ba'a kiranta raguwa, kawai kin ɗauko abu biyar a rana ɗaya ne, kuma cikin sanyin Janairu, lokacin da ko fitowa alwalar asuba sai anyi jan hali balle tashin ƙarfe huɗu. Ki ajiye uku, ki riƙe biyu.

Mu fara da saukar, dan ita lissafinta a fili yake. Mus'hafin bugun Madina da yawancinmu ke riƙewa shafi 604 ne, kowane juzu'i kusan shafi 20. In kika ce izu guda kullum kin ɗora wa kanki shafi 10, ranar da baƙi suka zo ko yaro ya kwana da zazzaɓi kin rasa, gobe bashi ya zama 20, jibi kin fara jin nauyin ko kallon Ƙur'anin, daga nan sai kice bari azumi yazo. Amma shafi biyu fa? Ɗaya bayan asuba ɗaya bayan isha'i, kina zaune kan dardumarki baki tashi ba. Kwana 302 kin sauke, saura kwana 63 a shekara, su ne zasu ɗauke miki yawancin kwanakin fashin salla da tafiya da rashin lafiya, ga kuma Ramadan da dama kowa ke ƙara karatu. Abin da yasa nace kan darduma, salla ba sai an tuna miki ba, tana nan sau biyar ko kina da nishaɗi ko bakya da shi, to ki jingina sabon abu a jikinta, Ƙur'anin ma ki ajiye shi nan gefen dardumar ba can saman wadrob cikin jaka ba. Kuma ai kin san hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne.

Kuɗin keke ma haka. Naira 200 kullum a shekara 73,000 ce. Ba lallai ta sayi keken ba amma ta fi babu nesa ba kusa ba. Ki sa kafinta ya haɗa miki asusun katako wanda sai an fasa, duk sanda kwastoma ta biya ki ki jefa kafin kuɗin su shiga hannun masu cefane. Ni dai ban cika yarda da tari a akawun ɗin waya ba, nan da nan zaki ji kin sayi data.

Maganar nan da ake yawo da ita a Facebook wai kwana 21 abu ke zama jiki, kar ki ɗora lissafi a kanta. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London, aka fitar a 2009, ya bibiyi mutum 96, tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'a ke kama mutum ya kai kwana 66, wasu 18 wasu har 254. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya baya rusa abin. Dan haka ranar da kika rasa kar ki rama, kar kuma ki jira wata sabuwar shekarar ko Muharram, washegari ki buɗe inda kika tsaya ki karanta biyunki.

Lemo da waya kuwa ki bar su tukunna, in Allah ya kaimu bayan ƙaramar salla ki sake rubuto min mu ga wanne zamu taɓa.