Kawar teku ta daina buɗewa, murjani yana fari daga gindi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, kuma wata biyar ke nan da na haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 250. A ciki akwai kifi uku, da rassan murjani na Acropora guda huɗu, da kawar teku irin ta Tridacna maxima da na saya makonni uku da suka wuce. Yanzu kawar ba ta shimfiɗa namanta kamar da, biyu daga cikin murjanin kuma sun fara fari daga gindi. Da rana zafin ruwan yakan kai digiri 30. Kullum ruwan yana raguwa da kusan lita 3, ni kuma ina cika shi da ruwan gishirin da nake haɗawa. Kifayen dai lafiyarsu ƙalau. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi a ƙarshen tambayarka shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a nan nake ganin tushen matsalar. Idan ruwa ya ƙafe daga tanki, ruwan zalla ne ke tashi, gishirin kuwa yana nan bai je ko'ina ba. Saboda haka duk ranar da ka zuba lita 3 na ruwan gishiri don cike gurbin abin da ya ƙafe, ƙarin gishiri ka yi wa tankin. A lita 250, wannan yana ɗaga gishirin da kusan giram 0.4 a kowace lita kullum, wato cikin mako biyu ruwan da ya kamata ya tsaya a giram 35 a lita zai iya kai 41. Abin da ake cike gurbi da shi shi ne ruwan daɗi da aka tace da na'urar RO, wato na'urar da ke cire gishiri da datti daga ruwa, ba tare da ko ƙwayar gishiri ba. Ruwan gishiri kuwa sai lokacin canjin ruwa, inda ka ɗebe wani kaso ka mayar da daidai abin da ka ɗebe.

Wataƙila ka ce ai Bahar Maliya da ke gabanka gishirinsa ya kai giram 40 a lita, kuma murjani na rayuwa a cikinsa. Haka ne, amma halittun da ke can sun saba da wannan yanayi tun asali, alhali yawancin murjanin da ake sayarwa a shaguna daga tekunan Indunusiya da Ostareliya ake kawo shi, inda gishirin ke kusa da 35. Ban da haka, abin da ya fi illa shi ne hawan da gishirin ke yi kullum ba tare da ya tsaya wuri guda ba. Ka nemi rifraktomita, wato na'urar auna yawan gishirin ruwa, ka daidaita ta da ruwan gwaji na 35 kafin ka yarda da abin da ta nuna, sannan ka auna. Idan ka samu gishirin ya haura, kada ka saukar da shi a rana ɗaya. Ka riƙa ɗebe ruwa kaɗan kana mayar da ruwan RO yadda zai sauka da kimanin giram 1 a kullum, har ya dawo 35, wanda ya yi daidai da 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa.

Lafiyar kifayenka ba shaida ba ce cewa ruwan yana da kyau. Kifi yana da ƙoda da sauran sassan da ke daidaita gishirin jikinsa, don haka yakan jure abin da murjani da kawa ba za su jure ba, tunda su ruwan jikinsu yana bin na tankin ne kai tsaye.

Yanzu ga batun farin da kake gani, wanda ya kamata ka duba da kyau domin fari iri biyu ne. Murjani da kawar Tridacna duka suna ɗauke da wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya a cikin namansu, waɗanda ake kira zuzanteli. Su ne ke amfani da haske su samar wa dabbar yawancin abincinta. Idan zafi ya yi yawa na tsawon kwanaki, murjani yakan kori waɗannan tsirrai, sai ya koɗe gaba ɗaya, amma in ka matso da fitila za ka ga siririn nama yana nan lulluɓe da ƙashin, ƙananan bakunansa na motsi. Irin wannan yana iya farfaɗowa. Ɗaya farin kuwa, wanda nake kyautata zaton shi ne naka tunda daga gindi ya faro, nama ne ke saɓulewa ya bar ƙashi tsirara, da iyaka a fili tsakanin wurin da ya mutu da wurin da ke da rai. Nan da 'yan kwanaki za ka ga gansakuka ta fara hawa ɓangaren da ya mutu. Idan iyakar tana hawa sama kullum, ka sa almakashi mai ƙarfi ka yanke reshen a cikin lafiyayyen nama, kamar santimita ɗaya sama da iyakar, ka manna shi a kan wani dutse inda ruwa ke kaɗawa sosai. Gara ka tsira da rabin reshe da ka rasa shi duka.

Irin wannan saɓulewa sau da yawa tana da nasaba da hawa da saukar alkaliniti, wato yawan kabonet da ke cikin ruwa, kuma ba ka ambaci cewa kana auna shi ba. Murjani yana gina ƙashinsa da kalsiyam da kabonet, kawa ma da su take gina ɓawonta, don haka ranar da ka saka kawar ka ƙara mai ci a kwano ɗaya. Ka riƙe alkaliniti tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, magniziyam kusa da miligiram 1300 a lita. Ka auna alkaliniti a lokaci ɗaya kwana uku a jere ba tare da ka zuba komai ba, bambancin da ka gani shi ne abin da tankin ke ci a kullum, kuma shi za ka riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan. Kada gyara ya wuce dKH 1 a yini.

Digiri 30 ya yi yawa. Ana son 25 zuwa 26, kuma kada tazarar dare da rana ta wuce digiri ɗaya. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafi, sai dai tana ƙara ƙafewa, saboda haka a gari kamar Jidda na fi ba da shawarar na'urar sanyaya ruwa, ko a ajiye tankin a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa.

Ita kawar tana bukatar dubawa ta musamman. Naman nan mai launi da take shimfiɗawa a bakin ɓawonta, wanda zan kira mayafi, shi ne gonarta, kuma maxima na daga cikin nau'o'in da suka fi son haske mai ƙarfi, tare da crocea. Wurinta a kan dutse ne kusa da fitila, ba a kan yashi a ƙasan tanki ba. Ka gitta hannunka tsakaninta da fitila: lafiyayyar kawa za ta janye mayafinta nan take ta ɗan rufe, sannan ta sake buɗewa. Idan ta yi jinkiri, ko ɓawon ya wangale mayafin ya shige ciki, to ta galabaita. Ka duba gefen ɓawon ta ƙarƙashin mayafin, inda ya kamata ka ga farin layi mai tsabta na sabon ɓawo, alamar tana girma. Da dare kuma, bayan an kashe fitila, ka haska gindinta ka nemi wasu fararen dodon koɗi masu girman ƙwayar shinkafa, waɗanda ke tsotsar jininta. In ka gan su, ka cire su da buroshi mai laushi tare da ƙwansu, ka maimaita dare da yawa. Idan ta riga ta kafe a dutse da zaren da take fitarwa daga gindinta, kada ka fizge ta, domin yaga sashen da ke fitar da zaren yana iya kashe ta.

Ba ka faɗi irin kifayen ba. Wasu ƙananan kifaye na dangin Centropyge sukan riƙa tsakurar mayafin kawa har ta daina buɗewa, kuma sukan yi haka ne idan ba kowa a gaban gilashi, don haka ka zauna daga nesa ka lura na rabin sa'a. Kuma ko da kifi ya kamu da cuta, kada maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe ya shiga wannan tanki, domin yana kashe murjani da kawa, yana kuma maƙalewa a duwatsu. A wani tanki daban ake yi wa kifi magani.

A gaskiya tanki mai wata biyar bai kai lokacin da zai iya ɗaukar Acropora da maxima ba, da ka tambaye ni tun farko da na ce ka jira ya kusa shekara, ko ka fara da kawar Tridacna derasa wadda ta fi haƙuri. Tunda suna ciki, kada ka ƙara wata halitta nan da wata uku, kuma ka fara da gishiri da zafi a wannan makon, alkaliniti ya biyo baya. Ka aiko mini da sakamakon awon kwana ukun tare da sunayen kifayen, in lissafa maka abin da za ka riƙa zubawa.